Kontakta daban, rile daban, ko da duka ƙas-ƙas suke yi

Tambayar da yaran da ke koyon wayarin suka fi yi min, har ma da wasu masu gida da ke son sanin abinda aka jera musu a cikin fanel, wato akwatin kayan wuta, itace wai meye bambancin kontakta da rile, tunda dai duka kwayil ne da maganaɗisu, ka basu wuta suce ƙas su haɗa layi, ka ɗauke su saki. Amsar da ake bayarwa a bakin shago itace kontakta babba ne rile ƙarami ne, shikenan an wuce wajen. Toh ba ƙarya bane, amma rabin magana ce, kuma rabin da aka bari ɗin nan shine yake ƙona wa mutane moto da famfon bohol. Akwai rile na mota da aka rubuta masa 40A, akwai kontakta da aka rubuta masa 9A, in girman lamba ne kawai ai da rilen ya fi ƙarfi kenan, amma jeka sa shi a injin niƙa ka ga ko zai kai la'asar.

Hanya mafi sauƙi da nake bi in nuna wa yaro itace in ɗauko mataccen kontakta a kwalin tarkace in ce ya kwance shi da hannunsa. A can ƙasa zai tarar da kwayil, wato siririyar wayar tagulla da aka nannaɗe ta zagaye dubbai a jikin roba, bakinta biyu sune wanda aka rubuta wa A1 da A2 a waje. Kwayil ɗin yana zaune ne a kan wani ƙarfe mai siffar harafin E wanda ba dunƙule ɗaya bane, falle-falle ne aka manna, sannan a samansa akwai ɗan uwansa wanda shi yake motsi, sifirin ya tokare tsakaninsu ya hana su haɗuwa. Da ka ba A1 da A2 wuta sai ƙarfen ƙasa ya koma maganaɗisu ya fizgo na sama da ƙarfin da ya fi na sifirin, shi kuma na saman yana ɗauke da wasu ƴan guntayen tagulla guda uku masu ɗigon azurfa a baki, sune suke saukowa su haɗa L1 da T1, L2 da T2, L3 da T3, wato ƙafafun shigar wuta da na fitarta zuwa moto, duka lokaci guda. Wannan ƙarar da kake ji kenan. Ka ɗauke wa kwayil wuta maganaɗisu ya mutu, sifirin ya cilla komai sama, layi ya yanke. Abin lura shine wutar da ke shiga kwayil daban, wutar da ke wucewa zuwa moto daban, basa haɗuwa ko kaɗan, shi yasa ɗan ƙaramin maɓalli da siririyar waya zasu iya tada moton da wayarsa ta kai kaurin yatsa.

Duk wannan bayanin da nayi, rile ma haka yake aiki, babu musu. Hasali ma rile ne babba a shekaru, ana danganta shi da wani Ba'amurke Joseph Henry wajen 1835, kuma aikin da ya fara yi a duniya na wayar tangaraho ne, saƙo ya taho daga nesa wutarsa ta yi rauni a hanya, sai ɗan abinda ya rage ya ja rile, rilen kuma ya haɗa sabon batir ya tura saƙon gaba. Kaga tun asali ɗan aike ne, saƙo yake kaiwa, kontakta kuwa ɗan dako ne, kaya yake ɗauka. Har yau ɗin nan in ka buɗe fanel mai tsari haka zaka gani, ƙananan rile masu ƙafa 8 ko 14 irin su MY2 da MY4 na Omron, masu gidan roba garai-garai da kana hango cikinsu, suna karɓar umarni daga taima ko fulot, wato makunnin da ke shawagi a kan ruwan tanki, ko na'urar sarrafawa suna miƙa wa kwayil ɗin kontakta, shi kuma ya ɗauki nauyin.

Inda suka rabu da gaske ba wajen haɗa wuta bane, wajen yanke ta ne. Wuta in tana gudu a cikin moto bata son a tsayar da ita farat ɗaya, da bakin azurfar nan ya fara rabuwa sai ta tsallaka ta cikin iska, tartsatsi shuɗi ya tashi, irin dai wanda mai walda yake narka ƙarfe da shi, shine ba wani ba, sai dai ƙarami. Duk ginin kontakta anyi shi ne don kashe wannan tartsatsin da wuri. Na farko kowane layi a waje biyu yake yankewa, guntun tagullar yana ɗagawa gaba ɗaya ya bar giɓi ta hagu da ta dama, tartsatsin ya rabu biyu kowanne yayi rauni, alhali yawancin ƙananan rile harshe ɗaya ne yake lilo tsakanin baki biyu, giɓi ɗaya kuma ɗan tsito wanda da ƙyar farce zai shiga. Na biyu tazarar ta fi faɗi kuma sifirin ya fi ƙarfi don haka rabuwar da sauri take. Na uku kowane layi yana da ɗakinsa da bango tsakaninsa da maƙwabcinsa don kada tartsatsin L1 ya lasa L2 fanel ya tashi, a manya kuma zaka ga wasu jerin faranta na ƙarfe a saman bakin wanda suke jan tartsatsin su daddatsa shi su sanyaya shi. Sannan akwai taimakon da ita kanta wutar AC, wato irin wutar gari, take yi, tamu mai 50Hz ce, wato sau 100 a cikin daƙiƙa ɗaya tana komawa sifili, a wannan ɗan lokacin tartsatsin yake mutuwa, in giɓin ya isa baya sake tashi. Ku riƙe wannan maganar sifilin zamu dawo mata in mun zo kan sola.

Sai kuma maganar tashin moto. Moto in zai tashi daga tsaye yana jan ninki shida zuwa takwas na abinda yake ci in ya daidaita, misali moton 7.5kW na fes uku a kan 400V yana cin wajen 15A yana tafiya, amma lokacin tashi zai ja kusan 100A na ɗan lokaci, kuma daidai lokacin ne bakin kontakta yake bugun juna yana ɗan tsalle kafin ya zauna. Shi yasa in ka juya gefen kontakta zaka ga lamba biyu ba ɗaya ba, kuma anan ake yi wa mutane wayo a kasuwa. Ɗauki LC1D18 na Schneider wanda kowa ya sani, 18A ne a AC-3 amma 32A ne a AC-1. AC-1 na kaya ne irin hita da tanda wanda basa fizga, abinda suke ci daga farko shi suke ci har ƙarshe, AC-3 shine na moto. Akwai AC-4 ma na wajen da ake ta danna-saki danna-saki ko juya moto baya yana cikin gudu irin na injin ɗaga kaya, wannan yafi kowanne cin baki. A ƙa'idar IEC 60947-4-1 wadda ake gwada su da ita, kontakta na AC-3 dole ya iya haɗa ninki goma na lambarsa ya kuma yanke ninki takwas. Toh sai kaje saye mai shago ya nuna maka babbar lambar yace ai Alhaji wannan 32 ne ya isa ya yi yawa, kai kuma moton ka 11kW ne wanda D25 yake buƙata, bayan ɗan lokaci baki ya cinye ace kayan yanzu basu da kyau.

Rile kuwa lambar da ke jikinsa kusan kullum ta kaya mara fizga ce. Shuɗin rilen nan da ke kan allon Arduino, wata ƴar na'urar sarrafawa da ɗalibai suke so, an rubuta masa 10A 250V, sai yaro ya lissafa yace famfon mu na 1.5HP ai bai kai 10A ba, ya haɗa kai tsaye, abu yayi aiki sati ɗaya biyu kowa na yaba masa, ranar nan sai tanki ya cika ruwa na ta zuba famfo yaƙi tsayawa, a duba a tarar bakin rilen ya narke ya manne. Laifin ba na rilen bane, an ɗora masa abinda ba nasa ba. Haka fulot na tanki, ɗan makunnin da ke cikinsa ƙarami ne, ga shi a cikin danshi, ni bana barin wutar sumo, wato famfon cikin bohol, ta bi ta cikinsa ko da kuwa takardarsa tace zai iya, fulot ya ja kwayil, kontakta ya ja famfo, ko ba komai ka rage wutar da kake aikawa saman tanki. Fitilun LED manya na fili ma haka suke, basa cin wuta sosai amma lokacin kunnawa suna yin wata fizga ta ƙiftawar ido da take manne bakin ƙaramin rile ko fotosel mai kunna fitila in duhu yayi, in sun yi yawa a layi ɗaya sa musu kontakta ka huta.

Ba wai rile abin rainawa bane fa. Abinda yake yi kontakta bazai iya ba, yana da sauri, baya cin wuta, baya cika wuri da ƙara, kuma yana da baki mai juyawa, ƙafa ɗaya ta tsakiya da take barin wannan ta koma wancan, shi yasa sitabilaiza take cike da shi, ƙas-ƙas ɗin da kake ji in wuta na hawa da sauka rile ne yake canja wajen da ake ɗiba a jikin taransifoma. Masu rewaya ma abincinsu kenan, 85 da 86 kwayil, 30 daga batir, 87 zuwa hon ko fitila, kowane yaron gareji ya haddace. Amma ko a motar ma lura, da aka zo kan kik wanda yake jan ɗaruruwan amfiya ba a sa masa wannan baƙin rilen ba, wani ƙaton solonoid aka ɗora a jikinsa mai faifan tagulla da ke haɗa kusoshi biyu, wanda in ka duba ginin sa kontakta ne sak.

Yanzu bari in zo inda ni nafi ganin ɓarna a wajen mu, wato kwayil da lo karen. Kwayil ɗin AC yana da wata ɗabi'a da mutane da yawa basu sani ba, lokacin da ƙarafan nan biyu suke a rabe yana jan wuta mai yawa, da sun manne sai cin ya faɗi warwas. A ƙananan LC1D wajen 70VA ne lokacin ja, 7VA bayan ya riƙe, ninki goma kenan. An yi shi ne ya ɗauki wannan babban cin na ƙiftawar ido kawai, toh duk abinda zai hana ƙarafan su manne sosai zai bar kwayil a kan babban cin, minti kaɗan sai kaji warin ƙonannen fenti. Ƙa'ida tace kwayil ya ja lafiya daga kashi 85 zuwa 110 cikin ɗari na wutar da aka rubuta masa, ga na 220V daga 187V kenan zuwa 242V, kuma an yarda ya saki daga kashi 75 zuwa ƙasa, wato daga 165V. Mu kuwa a unguwannin da taransifoma ɗaya ke ɗauke da gidaje fiye da ƙima, musamman watan Maris da Afrilu da kowa ya kunna fanka da firij da esi, wutar dare tana iya zama a 160 ko 170 ta kwana a haka, daidai tsakiyar inda kontakta bai san ya ja bane ko ya saki. Sai abin ya ƙara lalacewa ta wata hanya, kontakta ya daure ya ja, moto ya fizgi wuta, layin da dama rarrauna ne ya ƙara faɗuwa, kwayil ya saki, moto ya fita daga layi, wuta ta ɗago, kwayil ya sake ja, haka zai ta yi tatatatata sau da yawa a daƙiƙa, kuma kowane bugu ɗaya haɗa wutar tashi ne da yanke ta, tartsatsi a kan tartsatsi. Bakin da kamfani yace zai yi aiki sama da sau miliyan sai ya ƙare a dare ɗaya, ko dai ya cinye ko ya manne, in ba a yi sa'a ba fes biyu su manne ɗaya ya ƙone moto ya ci gaba da gurnani a kan fes biyu har naɗinsa ya toye. Ƙaramin janareta da aka ɗora wa famfon da ya fi ƙarfinsa ma haka yake sa kontakta rawar ɗari.

Maganin ba wai a sayo kontakta mafi girma bane kamar yadda wasu ke yi, babba ma kwayil ɗinsa yafi ci. A sa rile mai gadin wuta a layin kwayil, wanda in wuta ta yi ƙasa ko ta yi sama ko fes ɗaya ya ɗauke zai yanke gaba ɗaya kuma bazai dawo ba sai ya jira wasu daƙiƙoƙi ya ga ta zauna, kaga nan ma rile ne ke ba kontakta umarni. Wanda aljihunsa da nauyi kuma akwai masu kwayil na lantarki irin AF na ABB da kwayil ɗaya yake karɓar 100V har 250V, baya rawa, ko ya riƙe ko ya saki, sai dai kuɗinsa ba na wasa bane.

Wani lokacin kuma wuta lafiya lau take amma kontakta na ta zzzz kamar an saki zuma a fanel. Anan sai a duba fuskar ƙarfen. Tunda wutar AC tana komawa sifili sau 100 a daƙiƙa, maganaɗisun ma mutuwa yake yi sau 100, da ba don wani ɗan zoben tagulla da aka binne a fuskar ƙarfen ba da sifirin ya riƙa ture shi kowane lokaci. Zoben nan yana haifar da nasa ɗan maganaɗisun da yake zuwa a makare, ya riƙe ƙarfen a daidai lokacin da babban ya faɗi. In ya tsage, wanda yana faruwa a tsofaffi saboda yawan bugu, ƙara ta fara kenan kuma babu gyara sai canji. Amma kafin ka yanke masa hukunci busa shi tukunna, ƙurar hunturu tana shiga ko ina, ga tsatsa bayan damina, ga tururuwa da tsaka da suke son ɗumin fanel, na sha ciro busasshiyar tsaka a tsakanin ƙarafan nan biyu, ita ta mutu kwayil ma ya bi ta. Fanel ɗin da aka bar ramin shigar waya a buɗe ba a toshe ba gayyata ce.

Abinda yake ɓata min rai shine in je wajen niƙa ko markaɗe in tarar an cusa tsinken ashana ko guntun kara an danne kan kontakta don ya zauna a manne, wai kwayil ya ƙone kuma ga layin mata da ƙullu suna jira. Na gane matsin, amma abinda aka yi shine an cire duk wata kariya da ke wurin. Domin shi kontakta kansa baya kare komai, bashi da ido, bai san moto na wahala ba, in aka yi shot ma bazai yanke ba sai dai ya narke, aikin bireka ne ko fis. Mai ganin wahalar moto shine obalod ɗin da ake maƙalawa a ƙasansa, wanda shima rile ne, a cikinsa akwai ƙarafa masu lanƙwasa in sun yi zafi, in moto ya daɗe yana cin fiye da lambar da aka saita sai ya buɗe ɗan ƙaramin bakinsa 95 da 96, wutar kwayil ta bi ta nan ne don haka kontakta ya saki. Obalod ba shi yake yanke babban layi ba, kwayil yake kashewa. Toh in ka danne da ashana, obalod yayi ta buɗewa har gobe babu mai jinsa. Haka masu murɗa lambar obalod zuwa ƙarshe don wai yana damun su da faɗuwa, lambar da ke jikin farantin moto ita ake saitawa, in yana faɗuwa a haka akwai dalili, ko bel yayi tauri ko boris ya ci ko fes ɗaya yayi ƙasa. In kuma moton fes ɗaya ne kake amfani da obalod na fes uku, zagaya wayar ta bi ta dukkan ƙofofi ukun a jere, in ba haka ba yawancinsu zasu ɗauka fes ne ya ɗauke su riƙa faɗuwa ba dalili.

Akwai kuma wata kariyar da ashanar take kashewa wadda ta shafi hannun mutum ba moto ba. Ƙananan bakunan nan na gefe, 13 da 14 wanda suke a buɗe sai kontakta ya ja su rufe, da 21 da 22 masu yin akasin haka, ba ado bane. Kore da jan maɓallin da kake gani a fanel da su suke aiki, ka danna kore kwayil ya samu wuta ya ja, 13 da 14 su rufe su ci gaba da ciyar da kwayil ɗin ko ka cire yatsa, ka danna ja layin ya katse komai ya saki. Amfanin shine in an ɗauke wuta kontakta ya saki, 13 da 14 sun buɗe, in an dawo da ita injin bazai tashi da kansa ba sai wani ya sake danna kore. A ƙasar da ake ɗauke wuta a dawo da ita ba sallama, ka tuna yaron da ya zura hannu yana share cikin injin markaɗe ko yana gyara bel don ya ga babu wuta, wannan ɗan bakin guda ɗaya shine tsakaninsa da asibiti. In kana sayen na China irin CJX2 duba ƙarshen lambar, 1810 yana nufin 18A da baki ɗaya buɗaɗɗe, 1801 kuma baki ɗaya rufaffe, ka sayi 01 kazo haɗa kore da ja sai ka koma kasuwa.

Su 21 da 22 kuwa a canjoba ake ganin ranarsu. Kontakta biyu, ɗaya na wutar gari ɗaya na janareta, kwayil ɗin kowanne ya bi ta rufaffen bakin ɗan uwansa, in wannan ya ja wancan bashi da hanyar samun wuta. Ni a canjoba bana tsayawa nan sai na ƙara da ɗan makullin roba da ake sawa tsakaninsu wanda yake hana su sauka tare ko da hannu aka danna, saboda in suka haɗu ko janareta ya tafi, ko kuma in wutar gari bata nan wutarka ta fita ta bi layi ta shiga taransifoma ta baya ta hau 11kV, ga ma'aikaci a kan fol yana ganin layi a mace yake. Kuma mai ƙafa huɗu nafi so a nan don nutural ma ya rabu. Sita-delta da ake tada babban moto da shi a injin casar shinkafa shima wannan dabarar ce, kontakta uku da taima, biyu daga ciki an kulle su da juna, wutar tashi ta sauko zuwa kashi ɗaya cikin uku.

Toh sola. Yanzu da batir da inbata suka cika gari sai naga wasu suna ɗaukar kontakta na AC suna sawa a layin batir 48V ko layin fanel ɗin rana da ya haura 300V, suna cewa ai an rubuta masa 400V har 690V. Wutar DC, wato ta batir da sola, bata komawa sifili, tartsatsin in ya tashi babu abinda zai kashe shi sai tazara, zai tsaya yana ci kamar walda har roba ta kama. Kontakta na DC daban ake gina shi, da maganaɗisu a gefen baki da yake ture tartsatsin waje ya ja shi ya tsinke, shi yasa da yawansu suke da alamar + da − a manyan ƙafafun, ka juya su maganaɗisun ya tura tartsatsin ciki maimakon waje. Na motocin lantarki ma rufe su ake yi ruf a cika da gas. Ko ɗan shuɗin rilen can duba jikinsa da kyau, 250V ne a AC amma 30V kacal a DC, baki ɗaya ne fa, bambancin wuta ne kawai. In kuma kwayil ɗin ne na DC, kamar mai 24V da ake ja da taransisto ko na'ura, sa masa diyod, ɗan abin da ke barin wuta ta wuce hanya ɗaya kawai, tsakanin A1 da A2 don lokacin sakinsa yana harbo wuta baya da take kashe abinda ya kunna shi.

In zaka shiga Sabon Gari ko France Road a Kano saye, tafi da mataccen a hannunka ko hoton gefensa da na farantin moto, kuma kafin ka biya karanta abinda aka rubuta kusa da A1 da A2, domin gida iri ɗaya ne sak amma kwayil wani 24V ne wani 220V wani 380V, a na Schneider M7 shine 220V, Q7 380V, BD kuma 24V DC. Ka sa na 24 a kan 220 hayaƙi nan take, ka sa na 380 a kan 220 yayi ta ƙugi bai ja ba. Jabu kuma ya yi yawa, an buga masa sunan babban kamfani tsaf, ɗaga shi a hannu ka gwada da na gaske zaka ji sakayau, tagullar ta yi siriri azurfar kuma shafe ce kawai. Ni gara in sa wa mutum na China na gaskiya mai sunansa, in ɗan ƙara masa girma mataki ɗaya saboda zafin garinmu, da in sa masa jabun Turai, araha dai bata ado. Bayan an ɗaura a bi kusoshin da sukundireba a ɗaure tam, a sake dawowa bayan ya ɗan yi aiki a ƙara ɗaurewa wuta a kashe, domin yawancin kontaktan da nake gani ƙafa ɗaya ta yi baƙi robar ta narke ba kaya ne suka yi masa yawa ba, kusa ce ta saki waya tana zafi. Kuma don Allah a daina goge bakin da fayil ko sanfefa in an ga yayi baƙi, baƙin azurfa yana wuce wuta lafiya, gogewar ce take cinye ɗan abinda ya rage, in ka ga tagulla ta fara leƙowa ta ƙarƙashi canja shi kawai.